Sakiri, Wanda Ya Taka Tsibirin Kavachi

Ni da Sakiri sa'o'in juna ne. Wata ɗaya ne tsakaninmu, shi ya riga ni zuwa duniya, kuma har ya koma ga Ubangiji bai bar ni na manta da wannan watan ba. Ko bayan na zama malamin makaranta, furfura ta cika mini kai, idan ya hango ni sai ya ce, "Kai yaro, Ponisi, zo ka riƙe mini katakon nan."

A Sagheva aka haife mu, gefen tsibirin Gatokae da ke kallon buɗaɗɗen teku. Kamar kowa a nan, da ƙarar Kavachi muka tashi. Yakan yi shekaru shiru, har yara su ɗauka tatsuniya ce a ce akwai dutse mai aman wuta a ƙarƙashin ruwa. Sai wata rana a ji wani irin dum daga kudu maso yamma, kwanuka su yi ƙara a kan maratayi, a hango farin tururi ya miƙe daga teku. Bayan kwana biyu bakin ruwa ya cika da duwatsun nan marasa nauyi masu yawo a kan ruwa, da matattun kifaye waɗanda ko kare ba ya shinshinawa. Tsofaffi su ce Kavachi ya hura murhunsa. Fasto ya ce a daina faɗin haka, su ce to, gobe su sake faɗa.

Su biyu ne a wurin uwarsu, Sakiri da yayansa Livai. Shekara shida Livai ya ba shi. Livai mutum ne marar yawan magana, ya san iska, ya san ruwa, shi ya sa ƙungiyar masu busar da kwakwa ta danƙa masa babban kwalekwalenta mai inji. Sakiri kuwa baki gare shi, ga rashin tsoro. A duk ƙauyen babu wanda ya kai shi daɗewa a ƙarƙashin ruwa, kuma babu gaɓar dutsen da bai diro daga kanta ba don 'yan mata su gani.

Shekarar da ƙasarmu ta sami 'yancin kai muna da ashirin da uku. Ana saura 'yan makonni a yi bikin, Kavachi ya farka da ƙarfin da ba mu taɓa gani ba. Masunta suka dawo da labarin cewa wannan karon bai tsaya a tururi ba, tsibiri ne ya ɓullo, baƙi ƙirin, yana hayaƙi. A daidai lokacin kuma aka rabo wa ƙauyuka sabuwar tuta.

Wata Juma'a da hantsi muna zaune a bakin ruwa mu uku, Livai yana gyaran inji, sai Sakiri ya ce, "Sabuwar ƙasa ta sami sabon tsibiri, mu kuma muna zaune muna kallo. A kai tuta, a dasa kwakwa. Jikokinmu su ce mutanen Sagheva ne suka fara taka shi."

Livai bai ɗago kai ba. Ya ce, "Wurin bai huce ba. Ka bari ya shekara. In yana nan, ni da kaina zan kai ka."

"Ya shekara? Mutanen tsibirin Vangunu su riga mu, su zo suna mana waƙa?" Sakiri ya juyo gare ni. "Kai fa, Malam? Jibi za mu tafi."

Na ce ina da aji.

"Jibi Lahadi ce, matsoraci."

"To ina da na Litinin, sai na shirya."

Ya yi dariya har da buga cinya. Sannan ya koma kan yayansa. "Shi wannan dama alli ne makaminsa. Amma kai, Yaya? Ko dai tun da ka yi aure Erineti ta ɗaure maka ƙafa a jikin gado? Faɗa mini in sani. In tsoro kake ji, ba ni injin, ni kaɗai zan je."

Livai ya ajiye sifana, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya koma kan injin. Ni kuwa ban tsawata wa Sakiri ba, kuma na ji duk abin da aka faɗa.

Ranar Lahadi gari na wayewa suka tafi, teku a kwance kamar tabarma, abin da ba kasafai ake samu ba a watannin iskar gabas. Da la'asar sakaliya aka hango kwalekwalen yana dawowa a karkace. Mutum ɗaya ne a ciki. Da ya iso Sakiri bai iya sauka ba, sai ɗauko shi aka yi. Tafin ƙafafunsa duka biyu sun saluɓe, fatar ta tafi.

Abin da ya gaya wa gari shi ne, suna dab da tsibirin dutsen ya yi aman wuta, igiyar ruwa ta bugi kwalekwalen, Livai ya faɗa, shi kuma ya shiga ruwan zafi nemansa har ya ƙone. Kwana uku maza suna fita nema. Ba su iya matsawa kusa ba, kuma ba su sami ko hularsa ba. Ranar bikin 'yanci aka ɗaga wata tutar da aka aro daga makaranta, aka yi addu'a, kowa ya koma gida. Babu wanda ya taɓa abincin da aka dafa. Kafin wata biyu igiyar ruwa ta cinye tsibirin, ya koma kamar ba a taɓa yin sa ba.

Ni na raka Sakiri asibitin mishan. Wata tsohuwar nas tana wanke masa ciwon ta ja ni gefe ta ce, "Ruwan zafi ba ya zaɓen tafin ƙafa ya bar ƙwauri. Abokinka ya taka wani abu." Na ce ban sani ba. Ta dube ni, ta ci gaba da aikinta.

A lokacin Erineti tana da cikin wata bakwai. Ta haifi mace, aka sa mata Hetili.

Wata uku Sakiri ya yi a kwance. Da ya tashi yatsunsa sun manne da juna, tafiyarsa ta koma irin ta wanda ke taka tsakuwa ba takalmi. Nitso ya ƙare. Ya je wurin wani kawunsu masassaƙi ya ce a koya masa, ya zauna shekara huɗu yana koyo, bai taɓa ɗaga wa tsohon murya ba, shi da a da ba a gaya masa magana ya yi shiru. Daga baya ya zama babu kamarsa a sassaƙar kwalekwale a wannan gefen tsibirin. Yakan shafa gungumen itacen goliti da tafin hannu ya gaya maka inda zai tsage bayan shekara goma. Amma duk kwalekwalen da ya sassaƙa, wani ne ke gwada shi a teku. Shi iyakarsa bakin duwatsun murjani, inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Rumfar aikinsa ma ya gina ta ne tana ba teku baya.

Gidan Erineti kuwa ya ɗauke shi a kansa ba tare da kowa ya sa shi ba. Shi ke sauya mata jinka kafin ta fara yoyo. Shi ke sare mata sabuwar gonar rogo da dankali a kan tudu, da waɗannan ƙafafun. Lokacin faɗuwar 'ya'yan itacen ngali, masu taurin ɓawo, shi ke kwaso mata, ya zauna a bayan gida yana fasawa. Ba ya shiga ɗakinta, ba ya cin abinci a gabanta. In ta aiko masa da tuwon rogo da aka gasa a ganye, ya karɓa da hannu biyu ya ce a gode wa matar Yaya. Hetili ta tashi tana kiransa Baba. Shi ya yi tsaye a kan karatunta har ta zama nas a babban birninmu, Honiara.

Da aka shekara biyar dattawan coci suka ga abin ya isa, suka kira su biyun suka ce ai gara a ɗaura aure, tunda dama shi ke riƙe da gidan. Erineti ta ce, "Ina da miji. Bai dawo ba ne kawai." Sakiri ya ce gaskiya ta faɗa. Ba a sake tayar da maganar ba, shi kuma bai taɓa neman wata ba.

Barkwancinsa bai mutu duka ba. Yakan ce da ni, "Shekara talatin kana koya wa yara taswirar duniya, kai kuwa ko garin Gizo da ke nan kusa sai ka yi amai kafin ka isa." Amma duk ranar da Kavachi ya yi ƙara, sai ya ajiye gizago, ya ɗauki adda, ya ce zai hau daji duba itace. Ba ya saukowa sai yamma. Ya sha yin haka a shekarun da dutsen ya yi ta tashi yana kwanciya, har tsibiri ya sake ɓullowa ya sake nutsewa. Kowa ya gane, babu mai tambaya. Sau ɗaya kawai, muna da kusan hamsin, ya ce da ni, "Kakanninmu ba su taɓa zuwa can da wasa ba. Ni na je masa da dariya." Na ce masa Kavachi dutse ne, ba ya jin dariya. Ya ce, "Kai ka karanta shi a littafi, yaro."

Shekara talatin da bakwai bayan tafiyar Livai, wani jirgin masu bincike ya tsaya a gaban ƙauyenmu. Aka sauko da wata mata a ƙaramin jirgi, Dokta Maeli, 'yar tsibirin Malaita, wadda ta karanci ilimin duwatsu a waje. Ta ce suna auna ƙasan teku a kewayen Kavachi, kuma tana neman tsofaffin da suka ga aman wutar da, don abin da ido ya gani babu na'urar da ta rubuta shi. Kowa ya nuna mata rumfar Sakiri. Ni na kai ta.

Ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Baba, an ce ka je kusa da tsibirin nan na shekarar 'yanci."

Bai daina sassaƙa ba. "An ce."

"Da za ka biyo mu gobe ka nuna mana ta wane gefe kuka ɓullo masa, da ka taimake mu. Ba za mu matsa kusa ba, jirgin ma ba zai yarda ba."

"'Yata, ni masassaƙi ne. Ki tambaye ni itace."

Ashe Erineti tana tsaye a bayanmu, ta kawo masa ruwan kwakwa. Lokacin ta haura sittin, idonta ɗaya ya fara hazo. Ta ajiye kwakwar ta ce, "Ni fa? Za ku ɗauki tsohuwa? Ban ga komai ba, amma mijina yana can, kuma ban taɓa ganin wurin ba."

Dokta Maeli ta ce za ta tambayi kyaftin. Sakiri ya ajiye gizago ya ce, "Matar Yaya, ba wurin zuwa ba ne."

"Kai ka je."

Washegari da safe muka hau jirgin mu uku. Sakiri ya sa farar rigarsa ta zuwa coci. Tun da muka wuce murjani ya riƙe ƙarfen gefen jirgi da hannu biyu. Bayan kamar awa biyu ruwan ya fara sauya launi, daga shuɗi ya koma kore, can gaba kuma ruwan ɗorawa mai datti, shimfiɗe kamar an zubar da miya. Warin farar wuta ya cika hanci. Jirgin ya tsaya daga nesa. Babu wuta, babu tsibiri, ruwa ne kawai yana ɓulɓulowa a wuri guda, lokaci-lokaci ya kumbura ya sace.

Erineti ta ce, "Nan ne? Shi ke nan?"

Dokta Maeli ta ce mu shigo ciki ta nuna mana. A wani ɗaki mai sanyi akwai babban allon kwamfuta. Ta ce jirgin yana aika sauti ƙasa, sautin ya dawo, da haka suke zana abin da ke ƙarƙashinmu. Sai ga dutse a allon, tsaye shi kaɗai, mai faɗin gindi da tsinin kai. Ta ce daga gindinsa zuwa kansa ya fi mita dubu, wato ya fi duk wani tudun da ke Gatokae tsawo, kuma tsakanin kansa da saman ruwa bai wuce tsawon bishiyar kwakwa ba. Ta juya hoton da yatsa. A saman akwai rami kamar bakin tukunya, a gefe kuma wani ƙaramin kai na biyu. Jikin dutsen duk zane ne dogaye daga sama har ƙasa.

Sakiri ya matso. Ya nuna zanen ya ce, "Waɗannan fa?"

"Zaftarewa ce, Baba. Abin da yake amayarwa tsakuwa ce da toka da gutsattsarin dutse, suna taruwa a sama ba abin da ya riƙe su. In sun yi yawa har su leƙo waje, shi ne tsibirin da kuke gani. Amma tari ne kawai a kan gangare. Gefensa yakan ɓalle ya gangara har ƙasa. Kowane zane a nan tsibiri ne ko wani yankinsa da ya tafi."

"In mutum ya taka shi ne yake ɓallewa?"

Ta dube shi, ta dubi ƙafafunsa. Ina jin a nan ta gane. Ta ce, "Ko an taka ko ba a taka ba. A rana ɗaya yakan ɓalle sau da yawa. Nauyin mutum ba komai ba ne a wurinsa."

Erineti ta kai fuskarta dab da allon saboda idonta. Ta sa yatsa a saman dutsen, ta bi ɗaya daga cikin zanen a hankali har gindi. Ta ce, "Da nisa." Sannan ta fita.

Muka same ta a waje, zaune a kan wani akwati. Sakiri ya tsaya a gabanta. Na juya zan ba su wuri ya ce, "Tsaya, Ponisi. Kai ka ji farkonta, ka ji ƙarshenta."

Ya ce, "Matar Yaya, ƙarya na yi muku. Ba igiyar ruwa ce ta jefa shi ba. Da muka iso ya ce mu kalla daga nesa mu juya. Na ce ya matsa kaɗan. Ya matsa. Na ɗauki tuta da 'yar kwakwar na dira. Taku huɗu na yi. Saman ya yi kamar ya huce, ashe ɓawo ne, ƙafata ta burma. Na faɗi ina ihu. Ya bar injin ya sauko, ya ɗauke ni a kafaɗa, ya jefa ni cikin kwalekwale. Ya koma baya yana tura shi don mu fita. Sai gefen da yake tsaye ya tafi da shi gaba ɗaya. Ina kallonsa. Bai ko yi kira ba. Ban shiga ruwa nemansa ba, ban iya ko miƙewa ba. Na yi ta kewaya wurin ina kiran sunansa har mai ya kusa ƙarewa. Kuma tun farko bai so zuwa ba. Ni na zage shi da sunanki."

Erineti ta ce, "Da safen nan da zai fita ya ce mini, in ban je ba wawan nan shi kaɗai zai tafi. Ka ɗauka ban san wanda ya ja wani ba? Kuma ni na wanke tsummokaran da aka naɗe maka ƙafa da su. Toka ce a jiki."

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Ni zan faɗa? Kai nake jira. Na yi ta jira ka zo ka gaya mini in zage ka, in jefe ka da abin da ke hannuna, in yi shekara ban gaishe ka ba, sannan in huce. Sai ka zo kana ta gyara mini jinka. Yaya zan zagi mutum yana kan rufin ɗakina? Yanzu ga shi na tsufa, ba ni da ƙarfin fushin. Ka cuce ni, Sakiri. Wannan ta fi waccan ciwo."

Ya durƙusa a gabanta, da ƙyar, yana kuka irin na manya, ba sauti. Ba ta taɓa shi ba. Ta juyo gare ni ta ce, "Kai kuma Malam, da iliminka, ka zauna kana kallonmu."

Kafin jirgin ya juya ta ce a ba ta wuri. Ta tsaya a gefe ta rera waƙar coci guda, baiti biyu, ita kaɗai. Ma'aikatan jirgin suka cire huluna. Sakiri kuma ya share fuska ya koma ciki, ya zauna da Dokta Maeli kusan awa guda. Ya gaya mata ta gefen da suka ɓullo, da girman tsibirin, wanda ya ce bai fi filin ƙwallon makaranta ba, da tazarar da ke tsakanin aman wuta da na bayansa, da launin tokar. Ta rubuta duka.

Bayan mun dawo Erineti ta yi wata biyar ba ta yi masa magana ba. In sun haɗu a hanyar coci ta kau da kai. Ya ce da ni, "Ka gani? Ta ce ba ta da ƙarfi." Ya rame a watannin nan, amma na lura yana barci, abin da ya ce ya daɗe bai sani ba. Shi da kansa ya rubuta wa Hetili wasiƙa ya gaya mata komai. Amsarta ta yi jinkiri, da ta zo kuma layi uku ce, amma da Baba ta fara.

Ranar da fushin ya ƙare babu wani biki. Erineti ta zo rumfarsa ta ce turminta ya tsage, in yana da lokaci. Ya ce yana da shi. Ta zauna a kan gungume tana kallonsa yana aiki, tana gaya masa bai iya ba.

Shekara shida ya ƙara a duniya. Ciwon sukari ya kama shi, gyambo ya buɗe a ƙafar hagu ya ƙi warkewa. Hetili ta ɗauki hutu ta zo ta yi jinyarsa, ta so ta tafi da shi Honiara a yanke ƙafar, ya ce ta bar shi ya tafi da kayansa cikakku. A makonninsa na ƙarshe yakan sa a kira samarin da suka koyi sassaƙa a hannunsa, ya yi ta yi musu faɗa a kan kaifin gizago. Ya cika ranar Juma'a da rana, Erineti da Hetili suna gefensa, ni ina bakin ƙofa.

A cocinmu ba a haƙa kabari ranar Asabar, ranar ibada ce, don haka sai Lahadi aka binne shi, a kan tudu kusa da uwarsu. Mutane sun zo daga ƙauyuka bakwai. Ruwan sama ya tare mu a hanyar saukowa, muka fake a ƙarƙashin wata bishiya, ni da Erineti, muna jira ya tsagaita. Ta ce gwiwarta na ciwo, in riƙe ta in mun tashi. Na riƙe ta muka gangara a hankali.